Biyu-Biyu, Babu Guzuri: Almajirancin Yesu a Majami'ar Ƙauye

An kwana ana ruwa. Da gari ya waye hanyar shiga ƙauyen ta koma taɓo zalla, dole na jingine babur a gindin tsamiya, na naɗe ƙafar wando, na ƙarasa a ƙasa. Tun daga nesa nake jin ana buga ƙarfe. Tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen darbejiya, kuma shi ne ƙararrawar majami'armu tun ina yaro. Ranar Lahadi ce, 14 ga Yuli, 2024, a wani ƙauye na kudancin Jihar Katsina inda aka binne cibiyata.

Majami'ar ba ta fi faɗin aji biyu na firamare ba. Mata a hagu, maza a dama, yara a kan tabarma can gaba inda idon manya zai riƙa kai musu. Fada ba zai zo ba. Majami'u irin wannan suna da yawa a ƙarƙashinsa, akan yi wata guda ko fiye ba a ga ƙurar motarsa ba, balle da damina. Don haka ba za a yi Mas ba, tunda Fada ne kaɗai ke tsarkake gurasa da ruwan inabi. Katakis ne zai ja ibada: a yi waƙa, a karanta Littafi, ya yi bayani, a yi addu'a, a watse.

Katakis ɗinmu dattijo ne manomi. Ya ɗora farar riga a kan kayansa, amma taɓon gona na nan a dugadugansa. Ya buɗe Bisharar Markus, sura ta 6, ya karanta wurin da Yesu ya kira mutanensa goma sha biyu ya aike su garuruwa biyu-biyu. Ya hana su ɗaukar abinci, ko jaka, ko kuɗi a ɗamara, ko riga ta biyu. Sanda da takalmi kawai ya bar musu. Gidan da ya karɓe su, nan za su zauna har su bar garin.

Da ya rufe Littafin bai yi dogon wa'azi ba. Ya ɗaga kai ya dubi benci-benci, ya ce, "'Yan'uwa, wa muka yi Lahadi uku ba mu gani ba?"

Aka yi tsit. Can wata mata ta ambaci suna, wani yaro ya ambaci wani. Sunaye huɗu suka fito. Sai dattijon ya shiga nuna mutane da yatsa, ke da ke, kai da kai, har ya haɗa takwas. Ya ce kada kowa ya ci tuwon dare sai ya je ya dawo. Wa'azin ke nan.

Na sha jin manyan masu wa'azi a birni, wasu da digiri daga Rum. Ban taɓa jin an fassara wannan sura da kyau kamar yadda manomin nan ya yi ba.

Kalmar da muke jin nauyinta

Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932 aka kuma sake fassara shi a 1979, ba su ƙago sabuwar kalma don kiran mabiyan Yesu ba. Sun ɗauki wadda ke bakin kowa: almajirai. Asalinta Larabci ne, almuhajir, mutumin da ya bar gida. Bahaushe ba ya bukatar littafin sharhi kafin ya gane ta, ƙofar gida kawai zai leƙa. Almajiri ya bar uwa da uba ya bi malami. Karatunsa bai tsaya a kan allo ba, yana koyon yadda malam ke zama, yadda yake cin abinci, yadda yake haɗiye fushi. Abincinsa yana hannun mutanen gari. Sannan ba a almajiranci mutum ɗaya, tsangaya ta jama'a ce, kwano ɗaya hannu da yawa.

Kada a ji ni ba daidai ba. Yaro ɗan shekara bakwai da ke kwana a rumfar kasuwa cikin hunturu abin kuka ne, malaman Musulunci da kansu sun sha faɗin haka. Abin da nake nufi shi ne kalmar ta riƙe nauyinta a harshenmu, nauyin da mu Kiristocin birni muka fara gudu. Mun fi son a ce mana memba. Memba yana da kati, yana biyan kuɗin wata, idan ya mutu a duba littafi a ga ko ana binsa bashi kafin a sa ranar jana'iza. Almajiri kuwa malami gare shi da 'yan'uwan karatu. Duk abin da zan faɗa a nan yana tsakanin waɗannan kalmomi biyu ne.

Ba katakis ne ya zaɓi karatun ranar ba. Bayan babban taron bishop-bishop na duniya da ake kira Majalisar Batikan ta Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, Ikilisiyar Katolika ta fito da sabon tsarin karatu a 1969. An raba karatun Lahadi zuwa shekara uku: shekarar Matiyu, shekarar Markus, shekarar Luka, Bisharar Yahaya kuma tana shigowa musamman lokacin azumi da Ista. Wato surar da aka karanta a ɗakinmu mai yoyo, ita aka karanta a wannan rana a Rum, da Maraɗi, da Yawunde, da Manila. Wannan yana da daɗin tunawa, amma kuma yana hana mai wa'azi guje wa ayar da ba ta yi masa daɗi ba. Idan zagayenta ya zo, sai ya karanta ta a gaban jama'a.

Yadda Bishara ta iso ƙauyuka irin namu ma, a kan ƙafar katakis ta zo. Fadoci uku na ƙungiyar SMA ne suka isa Shendam, a Jihar Filato ta yau, cikin Fabrairun 1907, nan ne tushen Katolika a ƙasar da ke arewa da kogin Binuwai. Yawan fadoci bai taɓa wadatarwa ba, tun daga lokacin har gobe. Wanda ya koya wa yara addu'a, ya shirya manya don baftisma, ya zauna da mai cuta, ya binne mamaci idan Fada ya yi nisa, shi ne katakis, mutumin gari mai mata da 'ya'ya da gona. A Malumfashi akwai makarantar horar da su, ta yaye da yawa da suka bazu cikin Arewa. Sai a watan Mayu na 2021 Fafaroma Francis ya mai da aikin katakis muƙami na musamman da Ikilisiya ke naɗa mutum a kai, bayan an yi zamani da zamani suna ɗauke da kayan a ka. A Oktoban 2023 kuma aka yanke Dayosis na Katsina daga na Sakkwato, aka ba Gerald Mamman Musa, wanda ake kira bishop Bahaushe na farko a Katolika. Tsofaffin ƙauyenmu sun yi ta guɗa a ranar. Sun daɗe suna jin ana ce musu baƙi a masallaci, baƙi a coci.

Me ya sa biyu-biyu?

Wannan tambaya ta daɗe tana cina. Mai lissafi zai ce asara ce: mutum goma sha biyu, in an aike su ɗai-ɗai, gari goma sha biyu za su shiga, amma Yesu ya yarda a shiga shida. Masana sukan tuna mana cewa a shari'ar Musa ba a karɓar shaidar mutum ɗaya, sai biyu ko uku. Gaskiya ne. Amma ni ina ganin akwai abin da ya fi wannan kusa. Wanda ya tafi shi kaɗai yana wa'azin ƙauna da gafara, ba shi da wanda zai yi wa haƙuri a hanya. Mutum biyu kuwa, kafin su isa garin ɗaya ya gaji, ɗaya ya yi gaba da sauri, an yi gardama kan inda za a huta, an raba ɗan ruwan da ya rage. Mutanen garin za su dube su kafin su saurare su. Idan suka shigo suna hararar juna, wa'azin ya mutu tun a ƙofar gari.

Ƙungiyar Rundunar Maryamu, wadda Frank Duff ya kafa a Dublin ta ƙasar Ayalan a 1921, ta riƙe wannan da gaske. Duk mako membobinta suna haɗuwa, a raba musu aiki, su fita ziyara biyu-biyu, mako mai zuwa su dawo su ba da rahoto. Kusan duk babbar majami'ar Katolika a Nijeriya za ka same su. Amma ko inda babu su, matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, suna yin wannan aiki ba tare da sun san sunan Dublin ba. Da ma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

A cikin takwas ɗin da aka aika akwai goggona, da wata matashiya da aka auro daga wani gari. Na bi su a baya, riƙe da ƙwaryar hatsi. Gidan wata gwauruwa muka nufa, mijinta ya rasu da rani ya bar mata yara huɗu. Dangar gidan ta kwanta gefe guda. Goggo ta yi sallama, aka shimfiɗa mana buhu.

"Ya ƙarin haƙuri, 'yata?"

"Da godiya, Goggo."

An daɗe ana gaisuwa, an tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, an yi maganar ruwan jiya. Goggo ba ta tambaye ta dalilin rashin zuwa coci ba. Ta dai zauna, ta jawo ƙaramin yaron ta ɗora a cinya tana cire masa ƙaiƙayi a ka. Matar ce da kanta ta sunkuyar da kai ta ce, "Goggo, da wane ido zan shiga? Ana kiran suna ana biyan kuɗi, ni ko na anko ban biya ba."

Ashe ba bangaskiyarta ce ta yi sanyi ba, kunya ce. Ana binta kuɗin atamfar Zumunta, da kuɗin gini na wata uku. Gonar da mijin ya bari kuma ciyawa ta cinye, mutane na maimai ita ko noman farko ba ta gama ba.

Ranar Alhamis aka yi mata gayya. Samarin majami'a suka fito da fartanya tun da asuba, mata suka dama kunu. Maƙwabta biyu Musulmi suka zo ba wanda ya gayyace su, suka ce marigayin bai taɓa rashin zuwa gayyarsu ba. Kafin azahar an gama gonar. Maganar anko kuwa, shugabar Zumunta ta ja layi a kan sunanta a littafi, ba a sake tayar da ita ba.

Na yi murna da gayyar, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne: mu ne muka kore ta. Ba wanda ya ce mata kada ta zo. Littafin kuɗi ne ya faɗa mata. Ban ce kada a tara kuɗi ba. Rufin coci sai da kwano, katakis ma yana da ciki, kuma abin da ake ba shi a wata sau da yawa bai kai kuɗin buhun taki ba. Amma idan aka wayi gari sanarwar kuɗi ta fi karatun Bishara tsawo, idan ranar baikon godiya ta kaka ta koma gwanjo, ana kiran mai dubu ɗari da lasifika ana tafa masa, mai kwano ɗaya na gero tana raɓewa a bayan ƙofa, to mun manta wanda ya aiki mutanensa babu ko sisi a ɗamara. Shi ne kuma ya zauna kusa da akwatin baiko a Haikali ya yabi gwauruwar da ta jefa 'yan tsabobi biyu fiye da attajirai.

Ba abokai ba ne

Muna yawan zana sha biyun nan kamar 'yan uwa ɗaya masu son juna. Bishara ba ta ɓoye mana gaskiya ba. A cikinsu akwai Matiyu, mai karɓar haraji wa gwamnatin da Rumawa suka ɗaure wa gindi. Akwai Saminu da ake wa laƙabi da Zaloti, sunan da ake dangantawa da masu zafin kishi, waɗanda suka tsani mulkin Rumawa da duk mai yi masa aiki. Ka yi tunanin an haɗa waɗannan biyun a tafiya ɗaya, sanda ɗaya-ɗaya, babu guzuri. A hanyar Kafarnahum sha biyun sun yi musu kan wane ne babba a cikinsu, da aka tambaye su kunya ta hana su amsawa. Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, sun zagaya ta baya suna neman kujerar dama da ta hagu, sauran goman suka ji haushi. Ba su suka zaɓi juna ba. Malami ɗaya ne ya kira su, sai suka tarar da juna a wurinsa.

Haka majami'a take. Kana iya zaɓar abokin hira, ba ka iya zaɓar wanda zai durƙusa kusa da kai.

A birnin da nake aiki ina zuwa wata babbar majami'a. Akwai Mas na Hausa da sassafe, akwai na Turanci idan rana ta ɗaga. Masu zuwa na Hausa yawanci masu gadi ne, da masu wanki, da 'yan acaɓa, da tsofaffi, da waɗanda tashin hankali ya koro daga ƙauyuka. Masu zuwa na Turanci su ne ma'aikata da 'yan kasuwa, motocinsu ne ke cika harabar. Ƙofa ɗaya, bagade ɗaya, gurasa ɗaya, amma jama'a biyu ne da ba su san juna ba. Idan aka zo zaɓen majalisar coci, ba sai na faɗi daga wane Mas yawancin kujeru ke fitowa ba. Taron ma da Turanci ake yinsa, wakilin masu Hausa ya zauna yana gyaɗa kai har a tashi.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. A Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 6, an ba da labarin gunagunin farko a Ikilisiyar Urushalima, kuma na harshe ne da abinci. Yahudawa masu jin Girkanci suka koka cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abincin yau da kullum, ana fifita na 'yan gida. Manzanni ba su ce ana neman raba kan jama'a ba. Sun tara kowa, suka ce a zaɓi mutum bakwai amintattu a danƙa musu rabon. Idan ka duba sunayen bakwai ɗin, Istifanus da Filibus da sauran, duka na Girkanci ne, alamar cewa ɓangaren da ya koka shi aka miƙa wa ludayin. Ban taɓa ganin majalisar coci da ta yi irin wannan ƙarfin hali ba, kuma ina fatan gani kafin in mutu.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma har yau yana damuna. Akwai wani bawan Allah da ya yi kusan shekara biyu yana zama a bencin da ke gabana. Duk Lahadi idan aka zo gaisuwar salama sai ya juyo mu yi musabaha, hannunsa kaushi kamar ɓawon itace. Ban taɓa tambayar sunansa ba. Ranar da na ji sunan, a sanarwar rasuwa na ji shi. Maigadi ne a wani shago, ya yi jinyar sati biyu shi kaɗai a ɗakin haya. Mu da muka yi ta ba shi hannu da sunan salama, babu wanda ya lura bencin ya zama wayam. A ƙauye katakis zai tambaya wa ya ɓace. A cikin mutum dubu biyu, wa zai tambaya?

A watan Afrilu na 1994 bishop-bishop na Afirka suka taru a Rum don taronsu na musamman na farko. Suna zaune ana yanka mutane a Ruwanda, ƙasar da yawancin mutanenta Katolika ne a lokacin, wasu ma a cikin coci aka kashe su, kuma masu kisan da yawa an yi musu baftisma a ruwa ɗaya da waɗanda suka kashe. Wani bishop daga Nijeriya, Albert Obiefuna na Awka, ya yi gargaɗi a lokacin cewa idan tura ta kai bango, jinin ƙabila yakan rinjayi ruwan baftisma a zuciyar Kiristan Afirka. Taron ya zaɓi ya kira Ikilisiya iyalin Allah, Fafaroma John Paul na Biyu kuma ya sa hannu a takardar sakamakon taron a Yawunde ranar 14 ga Satumba, 1995. Suna ne mai kyau. Amma iyalin da ba su san sunan juna ba, sai a taron rabon gado ake ganinsu.

Ƙaramin taro a tsakar gida

Maganin da Ikilisiya ta samo ya fito ne daga gabashin Afirka. A 1973, sannan da ƙarfi a 1976, bishop-bishop na yankin suka yanke shawarar cewa babbar majami'a ta yi wa mutum faɗi, a rarraba ta zuwa ƙananan zumunta na unguwa, gida goma ko ashirin, masu haɗuwa a tsakar gidan ɗayansu cikin mako. Cibiyar Lumko ta Afirka ta Kudu kuma ta tsara hanya mai mataki bakwai ta yin tunani a kan Bishara, wadda ba ta bukatar Fada ko mai digiri. Abin ya bazu har ya iso majami'unmu.

Na fara zuwa na unguwarmu bayan rasuwar maigadin nan. Muna haɗuwa ranar Laraba da yamma, yau a gidan wannan, mako mai zuwa a gidan wancan. Wani ya buɗe da addu'a. A karanta Bisharar Lahadi mai zuwa sau biyu, da Hausa da Turanci. Kowa ya ɗauki kalma ɗaya ko biyu da ta taɓa shi ya furta a hankali, ba sharhi. Daga nan sai shiru na 'yan mintoci. Shirun nan ya fi komai wuya. Kana jin kukan akuya, kana jin janareton maƙwabta, kana jin cikinka na ce maka ka yi magana. Bayansa ne kowa ke faɗin abin da ya ji a ransa, kuma doka ita ce ba a yi wa wani wa'azi, kanka za ka yi wa. A nan na ji wani ɗan kasuwa Ibo, mutum mai faɗa a ji, yana faɗi da hawaye cewa shekara shida ke nan ba ya magana da ƙanensa. Wata tsohuwa Bajju da ke sayar da ƙosai ita ta miƙa masa gefen mayafinta.

Mataki na shida shi ne wanda ake yawan tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan abin: me za mu yi a wannan makon, wa zai yi, yaushe? Wane ne ke asibiti, yaron wa aka koro daga makaranta, wa zai raka wance ofishin 'yan sanda. Inda aka bar wannan mataki, taron yakan koma hira mai daɗi da addu'a. Inda kuma aka mai da ƙananan zumunta hanyar karɓar kuɗin coci gida-gida, mutane sukan gudu, kuma ban ga laifinsu ba. Wata matsalar ita ce maza. A taronmu mata sun ninka mu uku. Maza suna son kujerar shugaba, amma zaman tabarma ranar Laraba sai su ce aikin mata ne.

Gidan da ya karɓe ka

Akwai abin da ke cikin umarnin Yesu da zamaninmu ya sa ya yi nauyi. Wanda aka aika babu guzuri, ransa na hannun mai masauki. Dole wani ya buɗe masa ƙofa. A yankinmu yanzu buɗe ƙofa da dare ya zama abin tsoro.

A Janairun 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da fadoci ta Good Shepherd da ke kusa da Kaduna suka ɗauke ɗalibai huɗu. Uku sun dawo. Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga Dayosis na Sakkwato, gawarsa aka samu. A watan Mayu na 2021 aka kai hari majami'ar St. Vincent Ferrer a Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello, aka tafi da tsohon Fada Joe Keke, wanda daga baya aka sako. Wutar kuma ba ta tambayar addini: a Agustan 2025, a Unguwar Mantau cikin ƙaramar hukumar Malumfashi ɗin nan, an buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba. Ƙauyuka da yawa sun tashi. Ibadar daren Ista, wadda bisa ƙa'ida sai duhu ya yi ake kunna wutarta, a wasu wurare yanzu tun kafin duhu ake yinta don kowa ya koma gida da haske.

A irin wannan hali zumunta ta daina zama kalmar waƙa. Ita ce ɗakin da aka kwashe wa kaya don iyalin da suka gudo su kwana. Ita ce kuɗin da aka tara da sayar da akuya da buhun masara don a karɓo ɗan wani daga daji, kowa na ba da shi da ɗacin rai domin ya san inda kuɗin za su. Na ga matan Zumunta sun ajiye tulun kiɗa da caki, sun ɗora manyan tukwane suna dafa wa 'yan gudun hijira a harabar makaranta, ba sa tambayar mai miƙo kwano wace alƙibla yake kallo. A ƙauyenmu har yanzu tuwon Kirsimeti yana ƙetara danga zuwa gidan liman, naman layya kuma yana dawowa ta hanya ɗaya. Masu wa'azin ƙiyayya na ɓangarorin biyu ba su taɓa zama a irin waɗannan gidaje ba.

Na koma ƙauye da kaka, ranar baikon godiya. Fada ya samu zuwa, majami'a ta cika har waje. Da aka fara shiga da baiko ana rawa, na hango gwauruwar nan cikin layi, damin dawa a kanta, babu anko a jikinta, tsohon zaninta ne mai ruwan ƙasa, yaranta na biye. Goggo ta rangaɗa guɗa.

Bayan an gama, Fada ya ba katakis dama ya yi sanarwa. Ya miƙe da tambayarsa ta kullum. Sunaye biyu suka fito, ɗaya na wani tsoho ne da ke ƙetaren rafi, ƙafa ta hana shi fita. Dattijon ya waiwaya, yatsansa ya tsaya a kaina.

"Kai ma, ɗana, ba baƙo ba ne. Tashi."

Wanda ya haɗa ni da shi saurayi ne daga gidan da muke rigimar iyakar gona da su tun mahaifina na da rai. Katakis ya fi kowa sanin wannan, shi ya sha zama sulhun. Muka fita, ni da ƙullin dawa, shi da sabulu da man zafi. Har muka wuce makarantar firamare babu wanda ya ce uffan. A bakin rafi na tsaya ina neman inda zan taka, ruwan ya ja baya amma duwatsun na da santsi. Ya miƙo hannu ya ce, "Yaya, kawo kayan, ni na san wurin." Na ba shi. Da muka haye na tambaye shi jikin mahaifiyarsa, ya ce da sauƙi, sai dai idon ne har yanzu. Gidan tsohon na can bayan kukoki biyu, hayaƙi na tashi daga tsakar gidan.